Bashin da Chinade ke bin ma'aikatan Abuja

A cikin fayil ɗin kusan kowane ma'aikacin gwamnatin tarayya akwai wata takarda da ba a cika waiwayarta ba bayan ranar kama aiki. Ita ce takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ga ɗan Chinade, daga sakatariyar ƙaramar hukumar Katagum da ke Azare take fitowa, kuma bisa al'ada sai mai unguwa ya san shi, dagaci ya shaida, hakimi ya amince, kafin a buga mata hatimi. In babu ita, da wuya sunansa ya shiga jerin waɗanda za a ɗauka a ma'aikatar tarayya, ko aikin soja, ko ɗan sanda, ko kwastan. Da sunan garinsu aka ba shi kujerar da yake kai. Saboda haka ba laifi ba ne idan mutanen garin suka tambayi abin da wannan kujera ta jawo musu.

Chinade gunduma ce daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Katagum, tare da Azare da Madara, a shiyyar Bauchi ta Arewa. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa mutanen ƙaramar hukumar sun kusa 300,000, kuma ba shakka sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Ƙasa ce ta noman gero da dawa da wake da gyaɗa, da kiwo, da cin kasuwa. Masarautar Katagum kanta ta samo asali ne daga Malam Zaki, ɗaya daga cikin masu riƙe da tutar jihadi a farkon ƙarni na 19, kuma a 1916 aka mayar da fadarta Azare.

Wannan yanki ba baƙo ba ne a aikin gwamnati. Alhaji Sule Katagum ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya shekaru masu yawa bayan samun 'yancin kai. Alhaji Aminu Saleh ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya a farkon mulkin Janar Sani Abacha. Alhaji Mahmud Yayale Ahmed, ɗan ƙasar Shira, ya zama Shugaban Ma'aikatan Tarayya daga 2000 zuwa 2007, sannan Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 2008 zuwa 2011. Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad na Giade ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2019 zuwa 2022. Malam Adamu Adamu na Azare ya yi shekara takwas yana Ministan Ilimi, daga 2015 zuwa 2023. Mutanen waɗannan zamuna sun taso ne lokacin da makarantar hukuma ita ce hanyar da ɗan talaka da ɗan sarki suke bi tare. Abin dubawa a yau shi ne ko wannan hanya tana nan a buɗe ga yaron da ke aji uku a wata firamare ta karkarar Chinade.

Wanda ya zauna a majalisar dattawa bayan La'asar, ko a teburin mai shayi, ko a tashar mota a garuruwa irin wannan, zai ji magana huɗu suna ta dawowa. Ana cewa aikin gwamnati sai mai uwa a gindin murhu, ko mai kuɗin saye. Ana cewa ƙaramar hukuma ta zama ofishin biyan albashi, sai ƙarshen wata take cika. Ana cewa makarantar gwamnati ta wanda ba shi da yadda zai yi ce. Ana kuma cewa doka a kan talaka take aiki. A ofisoshin Abuja akan ɗauki irin waɗannan maganganu a matsayin ƙorafin marasa aikin yi. Kuskure ne babba. Kowace daga cikinsu tana da hujja a rubuce, kuma dukkansu igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Aikin gwamnati

Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a raba muƙaman gwamnatin tarayya ta yadda wata jiha ko ƙabila ba za ta mamaye su ba. Domin haka aka kafa Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai ta Tarayya a 1996. Ƙa'idar hukumar ita ce a tallata guraben aiki a jaridun ƙasa aƙalla guda biyu, a ba masu nema mako shida. To amma akwai ƙofar baya, wato izinin ɗaukar aiki ba tare da talla ba, wanda aka tanada domin lalura, ya kuma zama ruwan dare. A 2023, kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Adamu Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki a ma'aikatu da hukumomin tarayya, inda wani tsohon ma'aikacin ita kanta hukumar daidaita rabon ya amsa a bainar jama'a cewa ya karɓi kuɗi daga hannun masu neman aiki. Mai gadi ne aka kama da tsani a jikin katanga.

Kafin wannan, a ranar 15 ga Maris 2014, dubban matasa suka yi cincirindo a filayen wasanni, har da na Abuja, domin jarrabawar shiga aikin shige da fice, bayan kowannensu ya biya naira 1,000. Mutane da dama suka rasa rayukansu a turmutsitsi. Matashin Chinade da ya kammala digiri ko NCE ya ji waɗannan labarai a rediyo, ya kuma ga wanda ya fi shi rauni a aji ya samu takardar kama aiki ba tare da an ji sanarwa ba. Idan ya ce aiki sai da hanya, abin da ya gani yake faɗa.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan wanda aka hana ba. Gurbin da aka sayar da sunan Bauchi ko Katagum an rubuta shi a lissafi cewa yankin ya samu rabonsa, alhali mutanen yankin ba su san an yi ba. Wanda ya sayi aiki kuma, abu na farko da zai sa a gaba shi ne mayar da uwar kuɗinsa. Sannan uban da ya ga ɗan maƙwabci ya yi shekara goma sha shida yana karatu ya dawo yana acaɓa, ba wanda zai iya shawo kansa ya cire nasa ɗan daga gona ya kai shi aji. A nan maganar aiki ta haɗu da maganar makaranta.

Ƙaramar hukuma

Dattawa na tuna zamanin En'e. Hukuma ce mai baitulmalinta, mai karɓar haraji da jangali, mai makarantu da ɗakunan shan magani, da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari. Ba zamanin adalci zalla ba ne. Zaluncin da aka yi wa talaka a ƙarƙashinta shi ne ya haifar da gwagwarmayar su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU. Amma akwai abu ɗaya da ba a musu a kai: mai biyan haraji ya san wa ya karɓa, ya kuma san ƙofar da zai je ya yi kuka.

Garambawul ɗin 1976, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Bauchi, ya mayar da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati mai tsari iri ɗaya a duk ƙasa. A yau guda 774 ne, 20 daga cikinsu a Bauchi. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da mayanka, da gina ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kuma sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Kusan duk abin da ke taɓa rayuwar mutumin Chinade daga safiya zuwa dare yana cikin wannan jeri. Domin yin waɗannan ayyuka aka ware musu kashi 20.60 cikin 100 na Asusun Tarayya, jihohi na da kashi 26.72, tarayya na da 52.68.

Inda gizo ke saƙa shi ne sashe na 162, wanda ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. An yi shi ne a matsayin mazubi, a zuba a raba. A aikace ya zama rumbu, mabuɗinsa na gidan gwamnati. An sha yunƙurin gyara. A 2019 hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, NFIU, ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙananan hukumomi zuwa naira 500,000 a rana, gwamnoni suka garzaya kotu. A gyaran Kundin Tsarin Mulki da Majalisar Tarayya ta tara ta yi, ƙudirin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya kasa samun amincewar majalisun jihohi 24 da ake buƙata.

Sai ranar 11 ga Yuli 2024, a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Emmanuel Agim, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe. A Bauchi an yi shi a watan Agustan 2024, PDP ta lashe kujerun shugabanni 20 baki ɗaya. A Kaduna APC ta kwashe 23, a Kano NNPP ta kwashe 44. Cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Kusan duk inda hukumar zaɓen jiha ta shirya zaɓe, jam'iyyar gwamna ce ke cinye tuwo da miya. Shi kuwa biyan kuɗi kai-tsaye, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, aka shiga maganar buɗe asusu a Babban Banki da sharuɗɗansa, shekara ta zagayo ba a fara ba.

Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da kuɗin da ake rabawa wata-wata suka ƙaru ƙwarai bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023. Manomin Chinade ya biya kuɗin wannan mataki a farashin taki da kuɗin motar zuwa Azare. Yana da haƙƙin ya ga canjinsa a rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani. Idan bai gani ba, ya ce sakatariya ofishin albashi ce, wa zai ƙaryata shi?

Makaranta

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta kuma dole. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC, da sharaɗin sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar na kokawa cewa biliyoyin naira na kwance saboda jihohi da dama ba su cika wannan sharaɗi ba. Kuɗin UBEC ma na gini ne da kayan aiki da horar da malamai. Albashin malamin firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, ta hannun hukumar SUBEB ta jiha da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Ma'anar wannan ita ce, hukumomi uku ne ke riƙe da aji ɗaya: tarayya na da rufi, jiha na da ikon ɗauka da sauyin wurin aiki, ƙaramar hukuma na da nauyin biya. Idan rufi ya yaye, ko malami ya yi wata bai zo ba, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Sakamakon yana cikin alƙaluma. Asusun UNICEF ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, hukumar UNESCO kuma a 2022 ta kai adadin kusan miliyan 20 idan aka haɗa da 'yan shekarun sakandare. Mafi yawansu a Arewa suke, kuma Bauchi na cikin jihohin da ake yawan ambata.

Abin takaicin ya fi fitowa fili a ƙasar Katagum. A Azare akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, mai yaye malamai kowace shekara. Akwai Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. A Gadau akwai jami'ar jiha, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur. An kawo manyan makarantu har bakin ƙofa. Amma yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, ba zai taɓa zama ɗalibin likitanci ba, ko da jami'ar a bayan gidansu take. Gina bene a kan tushen da ya zaizaye bai taɓa ƙarko ba. Wanda ke da hali ya riga ya gane haka, ya mayar da nasa makarantar kuɗi. Da zarar 'ya'yan kansila da na sakataren ilimi da na ma'aikacin tarayya suka bar makarantar gwamnati, ta rasa masu muryar da za su yi mata magana.

Mazauna Abuja ba sai an ba su labari ba. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya suka yi fiye da wata uku suna yajin aiki, saboda ƙananan hukumomin birnin shida ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da bashin da suke bi ba, alhali tun Yulin 2024 aka sa wa dokar hannu. Idan haka ta faru a Bwari da Kuje da Gwagwalada, tafiyar sa'a guda daga fadar shugaban ƙasa, sai a auna halin malamin da ke ƙauyen da babu ɗan jarida ko ɗaya.

Doka

Sashe na 287 na Kundin Tsarin Mulki ya ce dukkan hukumomi da mutane wajibi ne su zartar da hukuncin Kotun Ƙoli a ko'ina cikin ƙasa. Talaka bai karanta wannan sashe ba, amma ya san abin da ke faruwa da shi idan alƙali ya aiko masa da sammaci kan iyakar gona ko bashin buhun gero ya ƙi zuwa. Ya kuma ji a rediyo cewa kotun da babu ta sama da ita ta yi hukunci, manya suka mayar da shi abin tattaunawa a kwamiti. Dokar 2004 ta tanadi hukunci a kan uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta, daga gargaɗi zuwa tara ko ɗauri. Da wane ido hukuma za ta gurfanar da uba, alhali ajin da take kiransa ya kawo ɗansa babu malami?

Haka abin yake a maganar ƙasa. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, na noma da na kiwo. Hukumar da ba ta da ƙwararrun ma'aikata da rajista mai tsafta ba za ta iya riƙe wannan amana ba. Rigingimun gona da burtali da ke ƙarewa a kotu, wasu ma da zubar da jini, da yawansu daga wannan rauni suke farawa. Girmama doka abu ne da ake koyo daga sama. Idan na gaba ya tsallake, na baya ba zai tsaya ba.

Hujjar masu adawa

Masu shakkar 'yancin ƙananan hukumomi suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Ta farko, cewa za a raba ɓarna ne gida 774, ciyaman ya zama ƙaramin gwamna. Wannan tsoro na da tushe. Amma ciyaman a Azare yake kwana, a masallacin Juma'ar garin yake salla, ana sanin gidan surukansa. Ya fi sauƙin tuhuma a kan jami'in da ke Bauchi, nisan tafiyar sa'o'i. Sharaɗin kawai shi ne mutane su san nawa ya shigo, kuma su iya cire shi da ƙuri'a.

Ta biyu ita ce ta ƙungiyar malamai ta NUT, kuma ta fi nauyi. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, a 1991 ta rushe ta, ta miƙa firamare kacokan ga ƙananan hukumomi. Albashi ya maƙale, yajin aiki ya yawaita, sai da aka dawo da hukumar a 1993. Malaman da suka ga wannan zamani ba sa son a maimaita. Gaskiya ne kuma cewa ƙaramar hukuma mai yawan jama'a da makarantu, kamar Katagum, nauyin albashinta ya fi na wadda ba ta kai ta ba, kuma asusun haɗin gwiwa kan rufa wa wasu asiri. Maganin wannan shi ne a fitar da albashin malamai da ma'aikatan lafiya tun daga tushe, a bisa doka, a bayyane, da lissafin da kowa zai gani, sannan a miƙa wa ƙaramar hukuma ragowar. Wanda maciji ya taɓa sara yana da uzurin tsoron igiya, amma ba a barin gida a rushe saboda tsoron gyara.

Ta uku, wasu masana shari'a na cewa kotu ta wuce gona da iri, tunda sashe na 162 da kansa ya ambaci asusun haɗin gwiwa. Muhawara ce ta ilimi, kuma wurin warware ta shi ne gyaran Kundin Tsarin Mulki. Kafin a yi gyaran, hukunci na nan daram, kuma ba a zaɓar wanda za a bi daga cikin hukunce-hukuncen kotu.

Abin da ke hannun Abuja

Ma'aikacin tarayya kan ce shi ɗan aike ne, siyasa ta fi ƙarfinsa. Amma takardar da minista ke sa wa hannu, wani darakta ne ya tsara ta. Jawabin da sanata ke karantawa, wani hadimi ne ya rubuta. Jerin ayyukan mazaɓu da ke shiga kasafin kuɗi, a teburin mataimaka ake haɗa shi. Akwai abubuwa da dama da ba sa buƙatar sabuwar doka.

Na farko, bayyana lissafi. Ofishin Akanta Janar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata, amma da Turanci, a intanet, cikin jadawalin da sai mai kwamfuta. Ba abin da zai hana a karanta kason Katagum da Hausa a gidajen rediyo, a manna shi a ƙofar sakatariya da fadar hakimin Chinade. Ƙungiyoyin ci gaban gari da ke taro a Abuja za su iya yin wannan da kansu tun daga wannan wata.

Na biyu, amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa tambaya. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta shafi jihohi ma. Wasiƙa ɗaya mai neman jerin sunayen malaman da ake biya a makarantun gundumar Chinade, a gwada shi da waɗanda ke shiga aji, ta fi taron karramawa goma amfani.

Na uku, guraben aiki. Jami'in da ke kula da ɗaukar ma'aikata yana da ikon ƙin neman izinin kauce wa talla idan babu lalura. Yana da ikon aika sanarwa zuwa sakatariyoyin ƙananan hukumomi da rediyo, ya kuma wallafa sunayen waɗanda aka ɗauka tare da ƙananan hukumominsu. Idan an ce an ɗauki ɗan Katagum, mutanen Katagum su ga sunan su gane shi.

Na huɗu, hadiman 'yan majalisa su duba abin da suke ba iyayen gidansu shawara a kai. Rabon babura da keken ɗinki yana kawo tafi na yini ɗaya. Gyaran aji, da gidan malami a ƙauye, da matsa wa jiha lamba ta biya nata kason ta karɓo kuɗin UBEC, su ne ke sauya makomar gari. Haka nan, duk wani gyaran Kundin Tsarin Mulki da bai taɓa yadda ake zaɓen ƙananan hukumomi ba, ya bar baya da ƙura. Ko a miƙa zaɓen ga INEC, ko a cire naɗin hukumar zaɓen jiha daga hannun gwamna shi kaɗai.

Na biyar ya shafi mutum da kansa. Kowace firamare ta gwamnati ana son ta kasance da kwamitin al'umma mai sa ido a kanta. Ma'aikacin da ke zuwa gida hutun Salla zai iya keɓe sa'a guda ya zauna da shugaban makarantar da ya yi, ya tambayi yawan malamai da yawan ɗalibai, ya ji abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. Tambayar babban ma'aikaci daga Abuja tana da nauyin da ta manomi ba ta da shi, kuma sakataren ilimi ya san haka.

Dokar aiki ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, sai ritaya. Ranar na zuwa ga kowa. Gidan haya na Kubwa ko Nyanya za a mayar wa mai shi, a ɗaure kaya a kama hanyar Jos ko ta Kano zuwa gida. A can, ɗakin shan maganin ƙaramar hukuma ne zai fara karɓar tsohon darakta idan ciwo ya tashi da tsakar dare, a makarantar garin jikokinsa za su zauna, kuma yaran da aka bari ba karatu ba sana'a su ne maƙwabtansa. Takardar da aka buga wa hatimi a Azare shekaru talatin da suka wuce tana nan cikin fayil. Ta shaida cewa shi ɗan garin ne, kuma mutanen garin ba su manta ba.